Ina so in mayar da Mazda MX-5 motar tsere: da inji zan fara ko da keji?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe da inji a cikinku. Aiki ya zaunar da ni a jihar Jojiya ta Amurka, kuma tun da na fara zuwa kallon tsere a filin Road Atlanta abin ya shiga raina, har ta kai wata biyu da suka wuce na sayi wata tsohuwar Mazda MX-5 ƙirar 1999, wadda a nan ake kira Miata, da niyyar mayar da ita motar tsere. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu, injinta lita 1.8 ne mai ƙarfin doki 140, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma nauyinta bai kai kilo 1,100 ba. Kuɗin da na ware ba zai ɗauki komai a lokaci guda ba, don haka dole in zaɓi abin da zan fara da shi. Tsakanin inji da keji, wato bututun ƙarfen da ake haɗawa a cikin mota don kare direba in an yi hatsari, zuciyata ta fi karkata ga inji, domin ranar da na shiga filin da ita don gwaji, a dogon miƙaƙƙen layin nan na baya motoci suka riƙa wuce ni kamar na tsaya sayen ruwa. Me kuke gani?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni dai ban ga abin dogon tunani a nan ba. Doki 140 ai ƙarfin motar zuwa kasuwa ne. Ka ɗora mata turbo, na'urar nan mai cusa wa inji ƙarin iska, ka canza salansa, ka sa a sake saita kwamfutar injin, nan take za ta haura doki 200, kuma da wannan nauyin nata ba kowa ne zai ga bayanka ba. Tsere gudu ne, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Injiniya Rabi:
Malam Abu Safwan, kafin a yi maganar turbo akwai tambayar da ba ka amsa ba, kuma ita ce ke yanke komai: a wane rukuni za ka yi tseren? Ba a haɗa motar tsere sannan a tafi neman inda za a shigar da ita. Littafin dokokin rukunin ake fara karantawa, sannan a haɗa motar da za ta cika sharuɗɗansa. Motarka ta dace da rukunin da ake kira Spec Miata, wanda ƙungiyoyin tseren mota irin su SCCA ke gudanarwa a can Amurka don ƙirar 1990 zuwa 2005, kuma a wannan rukunin turbo haramun ne. Injin zai zauna kusan yadda ya fito daga masana'antar Hiroshima, har ma ana tilasta wa masu lita 1.8 su sa wani farantin ƙarfe mai rami a mashigar iska don a rage musu ƙarfi, yadda masu tsohon inji na lita 1.6 za su iya gogayya da su. Ranar da ka ɗora turbo, ka fitar da kanka daga rukunin da ya fi araha kuma ya fi yawan abokan karawa, ka jefa kanka cikin masu kuɗin da ba za ka iya ja da su ba.

Ɗan Maraɗi:
Anti Injiniya, ki yi haƙuri, amma wannan abu da ban mamaki yake. A kashe kuɗi a haɗa motar tsere, sannan a toshe mata numfashi da gangan?

Malam Habu:
Ƙanena, wannan ba sabon abu ba ne, kuma bari in kawo misalin da ya fi ƙarfin Mazda nesa ba kusa ba. McLaren F1 da Gordon Murray ya zana motar titi ce, bai yi ta don tsere ba, kuma injinta na BMW mai silinda 12 yana ba da doki fiye da 600. Da masu sayenta suka matsa wa kamfanin sai ya yi musu ta tsere, aka fitar da F1 GTR a 1995, aka cire kayan alatu, aka sa keji, aka gyara ƙafa da birki, amma dokar gasar ta sa dole aka matse mashigar iskar injin, har ta tseren ta koma ba ta kai ta titi ƙarfin doki ba. Duk da haka, a wannan shekarar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a hannun Yannick Dalmas da JJ Lehto da Masanori Sekiya, 'yan'uwanta kuma suka zo na uku da na huɗu da na biyar, alhali a filin akwai motocin da tun daga zane don tsere kaɗai aka ƙera su. An sha ruwan sama a tseren, kuma abin da ya kai ta gaba shi ne ta jure awa 24 ba ta mutu ba, direbobinta kuma sun iya riƙe ta a jiƙaƙƙiyar kwalta. Saboda haka ina bayan Injiniya: inji shi ne na ƙarshe a layi.

Baba Makaniki:
Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Ni ban taɓa zuwa Amurka ba, amma na yi shekara fiye da talatin a ƙarƙashin Peugeot 504 a nan Kaduna, garin da aka fara haɗa ta a 1975, kuma a wannan shekarar ce irinta ta lashe gasar Safari a Kenya. Abin da zan ce maka, Abu Safwan, shi ne ka manta da inji da keji duka biyun na mako guda, ka ɗaga motar nan sama ka duba gindinta. Motar da ta shekara ashirin da wani abu a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, tsatsa na cin ta daga ciki ne, fenti yana nan lafiya lau a waje. Ka ɗauki sukudireba ka riƙa caka wa ƙarfen shasi, musamman dogayen ƙarafan nan biyu na gaba da ke ɗauke da inji, da kuma dokin ƙofa ta wajen tayar baya. In ka ji ƙarfe ya amsa da ƙara, to madalla. In kuwa ka ji ya lotsa kamar busasshen burodi, ka tsaya. Duk kejin da za ka sa a jikin bodin za a yi masa walda, kuma ba a kafa rumfa a kan rami. Na taɓa ganin mota da aka kawo mana daga waje, a ido kamar amarya, da muka cire kafet sai ga ƙasa muna hangowa ta ƙarƙashin kujerar direba.

Abu Safwan:
Allah ya ƙara girma, Baba. Gaskiya ban yi wannan binciken ba, kallon ido kawai na yi mata ranar saye. Zan ɗaga ta ranar Asabar in sha Allah. Injiniya, na sauke littafin dokokin na fara karantawa, kuma na ga shafukan da suka yi magana a kan keji da kujera da bel sun fi na inji tsanani. Wani mai walda a kusa da ni ya ce zai yi mini kejin a kan kusan rabin kuɗin da masu sana'ar ke karɓa. Shin akwai abin da zai hana?

Baba Makaniki:
In dai hannunsa na da kyau, ban ga laifi ba. Muna da yara a Panteka da za su yi maka walda ka rantse inji ne ya yi. Kuma tunda za a kunna wuta, ka sa ya bi gaɓoɓin bodin ya ƙara musu walda, kamar yadda ake yi wa motocin tseren daji, domin waldar ɗigo-ɗigo ta masana'anta tana saki in mota ta sha jijjiga.

Injiniya Rabi:
Baba, da girmamawa, a nan zan ɗan saɓa maka, ba don ina shakkar hannun masu walda ba, sai don matsalar ta wuce hannu. Abu na farko shi ne bututun kansa. Bututun ruwa ko na ƙofar gida da ake samu a kasuwa faranti ne aka naɗe aka ɗinke, kuma ba a yi shi don ɗaukar duka ba, in mota ta kife yana iya tsagewa ta wajen ɗinkin ko ya karye ya zama mashi a cikin motar. Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta ce a yi keji da bututun ƙarfe marar ɗinki wanda aka ja shi a sanyi, babban baka na bayan direba ya kasance aƙalla milimita 45 a faɗi da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0, sauran sassan kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2.0. A Amurka da inci suke awo, kuma ga mota mai nauyin taka abin da aka saba shi ne bututun da suke kira DOM mai inci 1.5 da kaurin 0.095. Abu na biyu shi ne lanƙwasa. Ba a gasa bututun da wuta a lanƙwasa shi, ba a kuma yanka shi a haɗa kwana da walda, da injin lanƙwasa ake yi yadda ba zai tsuke ko ya yi tamoji ba, babban bakan kuma dole ya zama bututu ɗaya daga ƙasa zuwa ƙasa. Abu na uku, kowace mahaɗa sai walda ta zagaye ta gaba ɗaya, har da saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya shiga, kuma nan ne mai araha ke yin ha'inci domin ya san ba za ka gani ba. Masu duba motoci kafin tsere sun san wannan, da madubi da tocila suke leƙawa. Ƙafafun kejin kuma ba a kan farantin bodi kai tsaye suke sauka ba, sai an shimfiɗa musu faranti mai kauri da zai raba nauyin, in ba haka ba ranar hatsari bututun zai huda ƙasan motar ya wuce.

Game da ƙara walda a gaɓoɓin bodi, shawara ce mai kyau a motar daji, amma rukunonin da ke son mota ta zauna kusa da yadda aka sayar da ita sukan hana, domin tana ƙara wa bodi tauri, taurin kuwa riba ce a kwana. Kada a taɓa sai an ga dokar ta halatta a rubuce. A irin waɗannan littattafan ƙa'idar ita ce duk abin da ba a ce ka yi ba, to an hana ka.

Baba Makaniki:
Na karɓi gyara, 'yata. Mu a zamaninmu ƙarfe in ya yi nauyi a hannu shi ke nan ya ci jarrabawa. Amma ka ji, Abu Safwan, ka tambayi mai waldar nan keji nawa ya taɓa yi da suka wuce gaban masu duba. In ya fara kame-kame, araha ba ta ado.

Ɗan Maraɗi:
To ni tambayata, in keji na kare rai haka, me ya sa ba za mu sa shi a motocin da muke wasan mota da su ba, har mu riƙa yawo da su a gari?

Injiniya Rabi:
Domin keji ba ya aiki shi kaɗai, ƙanena. An tsara shi ne a kan cewa direba na ɗaure tamau a kujerar tsere mai riƙe kafaɗa da ƙugu, da bel mai madauri biyar ko shida, kansa kuma cikin hular kwano. Mutumin da ke zaune a kujerar gida da bel na gida, kansa a buɗe, in aka buge shi ta gefe kansa zai je ya sami bututun ƙarfe a tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba, sai abin kariya ya zama abin kisa. Haka kuma bel ɗin tsere yana da nasa sharrin: yana riƙe jiki ƙam, kai da nauyin hula su ci gaba da tafiya, wuya ya ɗauki dukan. Irin wannan rauni na gindin ƙwanƙwan kai ne ya kashe Dale Earnhardt a tseren Daytona 500 a watan Fabrairun 2001, kuma bayan rasuwarsa ne na'urar HANS, wadda ke zama a kafaɗa tana riƙe hular da igiyoyi biyu, ta zama dole a manyan gasanni, Formula 1 ma ta wajabta ta a 2003. Wannan ya sa nake cewa keji da kujera da bel da hula da na'urar wuya kaya ɗaya ne, ba a sayen rabi. Kuma Malam Abu Safwan ya lura da kwanan watan da ke jikin bel, domin yana da wa'adi, na FIA shekara biyar ne, kada ya sayi na hannu mai arha wanda ya kusa ƙarewa. A ƙara da makunnin da ke kashe wutar motar gaba ɗaya wanda ma'aikacin fili zai iya kaiwa gare shi daga waje, da na'urar kashe gobara, da ragar taga.

Abu Safwan:
Jama'a, na dawo da rahoto. Baba, Allah ya saka da alheri, maganarka ta tabbata rabi. Ƙarafan gaba lafiyarsu ƙalau, amma dokin ƙofa na hagu ta baya sukudireba ta shige har mariƙinta, sai da ɓarɓashin tsatsa ya zubo mini a fuska. Mai gyaran bodi ya ce za a yanke wurin a sa sabon faranti, ba abin da zai hana aiki ba ne. Na kuma fara tuɓe cikin motar: kujeru, kafet, rediyo, rufin tamfol da ƙarafansa, da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne baƙin ƙaron nan mai kama da kwalta da aka manna a ƙasan motar don hana ƙara. Na yi awa biyu ina kankara da wuƙa ban ci ko tafin hannu biyu ba, sai wani maƙwabcina ya ce in sayo busasshiyar ƙanƙara in zuba a kai. Na bar ta kamar minti ashirin, ina jin ƙaron yana ƙas-ƙas, da na buga guduma sai ya riƙa ɓallewa kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Na tara abin da na cire a kusurwar gareji, tsibi guda, har ina mamakin yadda ƙaramar mota ke ɗauke da wannan kaya.

Sai dai akwai abin da ban faɗa muku ba tun farko. A ranar gwajin nan, bayan zagaye na biyar ko na shida, na taka birki a ƙarshen layin baya inda ake gangarowa kwana ta goma, sai na ji feda ta tafi ƙasa kamar na taka soso. Allah ya kiyaye, na yi famfo sau biyu ta kama.

Malam Habu:
To ka ga, da ka sa turbon da ƙanenmu ke so, da gudun da za ka iso wannan kwanar da shi ya fi haka, da birkin da ya riga ya gaza.

Injiniya Rabi:
Man birkinka ne ya tafasa. Birki ba ya yin komai illa mayar da gudu zafi, kuma lissafin yana da sauƙi: mota mai kilo 1,050 da ta sauko daga kilomita 160 a awa zuwa 60 tana zubar da zafin da zai iya kai ruwa kusan lita uku ga tafasa, a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma kana maimaita haka kowane zagaye kafin faifan ya huce. Man birki yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki samfurin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsufa ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, da ya tafasa kuma sai kumfa ta shiga layi, kumfa kuwa matsewa take yi, shi ya sa feda ta nutse. Maganin ba manyan faifai masu tsada ba ne, waɗanda dokar rukuninka ma ba za ta bari ba. Ka zubar da tsohon man gaba ɗaya ka sa na tsere wanda ke jure kusan digiri 300, ka sa takalman birki na tsere, ka canza tiyo na roba zuwa masu saƙar ƙarfe, sannan ka riƙa zubar da ɗan man kafin kowace fita. Ka kuma duba dokar filin game da ruwan lagireto, domin da yawa ba sa yarda da koren ruwan nan mai hana daskarewa, in ya zube a kwalta santsinsa kamar na kuɓewa ne ga wanda ke bayanka.

Game da nauyin da kake cirewa, kada ka yi murna da wuri. Rukunin yana da mafi ƙarancin nauyi, kuma da direba a ciki ake aunawa bayan an gama tsere, lokacin da mai ya ragu a tanki. Ribar tuɓe mota ita ce in ka sauka ƙasa da iyaka sai ka mayar da nauyin da dalma a inda doka ta yarda, can ƙasa a gefen fasinja, maimakon ya zauna a sama. Daga nan a ɗora motar a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, kai kana zaune a ciki da kayanka, a riƙa juya sifirin har nauyin gaba-dama da baya-hagu ya zama rabin nauyin motar. In ba a yi haka ba za ka ga tana shan kwanar dama da daɗi, ta hagu kuma tana gardama.

Ɗan Maraɗi:
Na ji duk wannan, kuma na sauko daga maganar turbo, aƙalla a wannan motar. Amma in an cire kujeru, an cire rufi, an canza shokazoba da sifirin da birki da taya, an cika ciki da bututu, me ya rage na Mazda? Ba gara a ƙera sabuwa daga tushe ba?

Malam Habu:
Wannan tambayar ta fi shekara hamsin ana faɗa a kanta. Hukumomin tsere sun daɗe suna cewa in kana son ka kira motarka ta titi, sai ka ƙera adadi kaza ka sayar wa jama'a. Porsche na buƙatar guda 500 don ta shigar da 911 Carrera RS 2.7 a rukuninta, sai masu saye suka yi rububi har aka ƙera 1,580, kuma ta tseren da aka fitar daga jikinta, wato RSR, ta lashe tseren awa 24 na Daytona da tseren Targa Florio na Italiya a 1973. Wannan ita ce hanya ta gaskiya, motar titi ta haifi ta tsere. Amma da aka zo rukunin B na tseren daji aka rage adadin zuwa 200, sai kamfanoni suka juya abin: Peugeot 205 T16 da ta ci kambun duniya a 1985 da 1986 injinta a tsakiya yake, tayoyi huɗu ke ja, alhali 205 ta kasuwa injinta a gaba yake, tayoyin gaba ke ja, kamannin fuska kawai suka haɗa. An rufe rukunin bayan Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto sun ƙone a tsibirin Kosika a 1986. Motar Abu Safwan tana can ɗaya ƙarshen: bodi na Mazda ne, inji da giyabos na Mazda ne, inda ƙafafu ke ɗaure bai motsa ba. Hatta sababbin motocin gasar MX-5 Cup haka ake yin su, cikakkiyar mota ce ke zuwa daga Hiroshima, a tuɓe ta a Florida, a sa keji da kayan tsere, a buga wa injin hatimi don kada kowa ya buɗe shi.

Baba Makaniki:
Ni abin da ya fi burge ni a nan shi ne hatimin. Da za a yi mana haka a gareji, da an huta da masu buɗe inji lafiyayye don neman abin da bai ɓata ba. Abu Safwan, injinka ka canza masa bel ɗin taimin da famfon ruwa da baƙin mai, ka auna matsin kowace silinda, in sun yi kusa da juna ka rufe bonet ka ƙyale shi.

Abu Safwan:
Haka zan yi, Baba. Na fasa ba wa mai arahar nan aikin, domin da na tambaye shi irin bututun da zai yi amfani da shi sai ya ce duk ƙarfe ƙarfe ne. Na sami wani da keji ne sana'arsa, ya ba ni rana bayan mako shida, amma ya ce kada in kawo motar sai na riga na sayi kujerar da zan yi tsere da ita da hular kwanona, domin zai zaunar da ni a ciki ya auna, saman babban bakan ya ɗara hular da aƙalla inci biyu, bututun da bel ɗin kafaɗa zai ɗauru a kai kuma ya zo daidai da tsayin kafaɗata. Matsalar ita ce ina da tsawo, motar kuma ƙarama ce, ya ce wataƙila sai an cire layin da kujera ke zamewa a kai an ɗaure ta kai tsaye a ƙasa. Injiniya, in an yi haka, akwai kaurin farantin da ya kamata a sa ta ƙarƙashin bodi a inda kusoshin kujerar za su bi, ko manyan zobban ƙarfen da ake sa wa kusoshi (washa) sun wadatar?